Garken Goggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo ta rasu ranar wata Talata, sanyi ya fara shigowa ke nan, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Ni ina Maruwa a gidan aure, saƙo bai same ni ba sai da yamma, don haka sai washegari na iso Garwa a motar fasinja, da goyo a baya, da 'yata 'yar shekara biyar a hannu. Ban tarar da gawa ba. Zaman makoki na tarar, kuma da na san irin zaman da ake yi, da na tsaya a tasha na gama kukana a can.

A ƙofar gida maza ne a kan tabarmi, suna ta musu a kan kuɗin auduga, da ko shugaban ƙasa, wanda ɗan garinmu ne, zai zo gida hutu bana. In baƙo ya iso sai a ɗaga hannu, a shafa fatiha, a koma kan auduga. A cikin gida kuwa mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Ban gama kwance goyo ba na ji wata tana cewa, "Allah sarki, baiwar Allah. Ta tafi ba ta bar baya ba."

Ta kusa da ita ta amsa da Fillanci, sannan ta juya Hausa don kowa ya ji: "Ai ta huta. Mace ba ɗa ba jika, zaman me take yi?"

Wata kuma da ta shigo a makare ta sunkuya, wai raɗa take yi, amma har ni na ji: "Wace ce ma a cikinsu? Mai shanun nan?" Sai na ga kafaɗu suna rawa a ƙarƙashin mayafai. Dariya ake yi a makokin Goggo, gawarta ko kwana biyu ba ta yi a ƙasa ba.

Wadda ta ce ba ta bar baya ba, na san ta sarai. 'Ya'yanta huɗu a ƙofar ɗakin Goggo suka yi wayo, ita tana kasuwa tana sayar da daddawa hankalinta kwance. Na buɗe baki zan tuna mata, Inna, mahaifiyata, ta danne min ƙafa da tata. A gidanmu an daɗe da sanin bakina ba shi da linzami.

Mutum ɗaya na gani tana kuka na gaskiya, matar kafintan da ke maƙwabtaka da mu. Su mutanen kan dutse ne, Kiristoci, sun sauko Garwa tun kafin a haife ni. An ba ta wuri can bakin ƙofa kusa da takalma, ba ta damu ba. Ta kama hannuna da hannayenta biyu ta ce, "'Yata, uwar yara ta tafi. Wa zai tara su bana?"

Da yamma Baffa, ƙanin babana, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, ya leƙo ya ce wa Inna a share ɗakin mamaciya, kayan sawa a raba wa mabukata. Sannan ya ce, "Gumakan nan kuma ba za su ƙara zama a gidan nan ba." Na bi shi har zaure na durƙusa. Na ce, "Baffa, don girman Allah, kowace saniya a ɗakin nan da mai ita. A bari kowa ya zo ya ɗauki tasa." Ya ja carbinsa, ya ce a bari sai bayan sadakar uku a yi magana. Na yarda da shi, na tashi.

To, tunda abin da ya rage wa mutane game da ita shi ne "mai shanun nan", bari in faɗi ko wace ce, in kuma faɗi ko waɗanne shanu ne.

Goggo yayar babana ce, ita ce ta fari a ɗakinsu, shi ya sa manyan gidan suke ce mata Adda. Uwarsu ta rasu Baffa yana shan nono, Goggo ce ta goye shi, ta yaye shi da kunu. Ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gida ta zauna a ɗakin da ke ƙarƙashin darbejiya, tana kitso da sayar da ƙuli. Ba waliyyiya ba ce, kada wani ya ce na zo yi mata kwalliya. Tana da faɗa, tana da riƙo, in ka ɓata mata sai ta yi wata guda tana amsa gaisuwarka da hanci. Goro ba ya barin bakinta, kuma ko ɓallinsa ba ta bayarwa. Da Hausa take zagi, in abin ya kai maƙura ta ƙarasa da Fillanci. Faransanci kuwa kalma ɗaya ta sani, ta tsince ta a bakin direbobi, da ita take kora mu: "Ale! Ale!"

Amma da zarar sanyi ya shigo, aka rufe lakwal, makarantar boko ke nan, don hutun Nowel, wato Kirsimeti, sai Goggo ta zama wata daban. Ana idar da sallar asuba take hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Mu fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙudundune a zanen uwarsa, hanci na yoyo, mu kewaye wutar. Ta riga ta binne dankali a toka, gyaɗa tana kan kasko. Yaran maƙwabta su ma su shigo, na Hausawa, na Fulani, na gidan kafinta, ba ta taɓa tambayar ɗan wane ne kai ba, sai dai ta ce ka matsa wa ƙaninka. Manya ne ba ta yarda su zauna ba. "Wutar nan ta marasa gemu ce," in ji ta. Baba, malami guda mai makarantar allo, sai ya tsaya daga nesa yana miƙo hannu wai yana duba ko mun yi sallah. Ba ta ba shi dankali sai ya amsa kacici-kacici, in ya kasa kuwa mu yi ta yi masa ihu, shi kuma ya tafi yana girgiza kai.

Rana ta uku da fara hutu ita ce ranar kogi. Lokacin kogin Binuwai ya ja baya, jiragen ruwan da ke zuwa da damina sun daɗe da tafiya, yashi ya fito fili. Da hantsi Goggo za ta jera mu, kowa da kwano ko tsohuwar tasa a ka, ita tana gaba da fartanya. Akwai wata gaɓa bayan inda masunta ke shanya taru, a nan take haƙo yumɓu baƙi mai santsi. Ba ta barin kowa ya kusanci ruwa. In ka matsa sai ta ce, "Je ka, dorina ba ta karya kumallo ba." Mu dawo a jere, wuya ya ƙage, laka na bin fuskokinmu, 'yan kasuwa suna yi mana dariya, ita ko a jikinta.

A gindin darbejiya ake ginin shanu. Kowa ya samu curinsa, ta zauna a tsakiya ta miƙe ƙafa, tana nuna mana yadda ake jan ƙafafu daga jikin curin, yadda ake tsinke wuya, yadda ake murza ƙaho. Ba ta yarda a soka ƙaya a matsayin ƙaho, wai aikin rago ne. In ka manta tozo sai ta ɗaga taka sama ta ce, "Jama'a, ga akuya ta shigo garke." Ita kaɗai ke da izinin tsokana. Yaron da ya yi wa saniyar wani dariya, ranar ba shi ba dankali. Takan ce hannun da ke cikin laka ba ya samun sukunin dukan ɗan'uwa, kuma gaskiya ne, a duk tsawon hutun nan iyayenmu ba sa raba faɗa. In mun gama mu miƙa mata, bayan mako guda ta fito mana da su daga wuta, jajaye, masu ƙarfi, in ka ƙwanƙwasa su yi ƙara. Mu gina musu shinge da tsinke, mu kai su kiwo bakin rijiya, mu yi ciniki da ƙwallon dabino, har a koma lakwal.

Duk shekara kana yin sabuwa, ka tafi da abinka. Amma saniyarka ta fari, wadda ka yi a shekarar da ka fara zama a da'irar masu ginin, wannan ta Goggo ce. Kafinta ya kafa mata katakai a bango, ta jera su a kai. Shekara ta bi shekara, katako ya zama biyu, ya zama biyar, har suka cinye bango guda. Ba rubutu a jikin ko ɗaya, ita ba ta iya karatun boko ba, amma ko cikin barci ka tashe ta za ta gaya maka mai kowace. Tawa tana katako na biyu, ƙafarta ta baya ɗaya ta fi sauran gajarta, sai an tokare ta da ɗan dutse take tsayawa. Ta Baffa ce ta farko a katakon sama, wata 'yar dunƙulalliya mai kai kamar na kare.

Duk ranar Juma'a bayan ta yi wanka, takan sauke su ɗaya bayan ɗaya ta goge da tsumma. Na sha zama ina kallonta. Kowace ta ɗauka sai ta ambaci mai ita: "Allah ka shirya mai wannan, ya fara shan taba. Allah ka sauki mai wannan lafiya, cikinta ya tsufa. Mai wannan yana can kudu wajen aikin jirgin ƙasa, Allah ka dawo da shi da imaninsa." Haka take bi har ta kai ƙarshe, ba ta tsallake kowa. Shekarar da ƙyanda ta shigo unguwa ta ɗauke ƙanena, na shiga ɗakinta bayan kwana biyu na ga ta kwantar da tasa a gefe ɗaya, ta ja ta jikin bango. Ta ba ni ƙuli na fita. Akwai irin waɗannan kwantattu da dama a katakan, su ma ana goge su ranar Juma'a, ana nema musu rahama.

Wannan shi ne abin da aka kira gumaka. Tsohuwa ce da ba ta da takarda ba ta da alƙalami, ta samo hanyar da ba za ta manta da ɗan kowa a addu'a ba.

Ita da Inna sun sha kai ruwa rana a kan hutun nan. Inna ce mai wanki, ita ce mai fama da tari da faso. Wata shekara muka dawo daga kogi, ƙanwata tana rawar sanyi, Inna ta fito da ludayi a hannu.

"Adda, don Allah fa! Kin kwashe min yara da tsabtarsu, kin dawo min da ɓeraye. Sabulun nan ke ce ke saye?"

Goggo ta sauke fartanya ta ce, "Amarya, ai laka ba ta kisa." Inna ta haifi shida a lokacin, amma har Goggo ta koma ga Allah Amarya take ce mata.

"Ba ta kisa, amma ni ce zan kwana ina jiƙa citta."

"To jiƙa da yawa, ni ma maƙogwarona na ƙaiƙayi."

Inna ta koma madafa tana mita, mu kuwa muka san an gama. Da daɗewa daga baya na lura cewa duk ranar kogi, kafin mu dawo, Inna ta riga ta ɗora babbar tukunyar ruwan zafi.

Rigimar da ta raba ta da Baffa kuwa, ina da kamar shekara tara aka yi ta. Su Kirista in Nowel ta zo sukan gina ɗan turke a cocinsu, su sa ciyawa da dabbobi, wai suna tuna inda aka haifi Annabi Isa. A shekarar nan ba su da dabbobin sawa, sai 'ya'yan kafinta suka zo suka tsuguna gaban Goggo suna murza yatsu. Ta saurare su, ta tashi ta zaɓo shanu biyar mafiya kyau, ta naɗe a tsumma ta ce, "Ku dawo min da su yadda kuka ɗauka. Wanda ya karya ƙaho, in karya nasa." Ko a ranta ba ta kawo wani abu ba ne. Aro aka zo yi wurin maƙwabciya, kamar aron turmi.

Shanun Goggo kuwa kowa a unguwa ya san su. Baffa a lokacin saurayi ne, akawu a wani ofis, yana kuma ɗaukar karatu wurin malamai, ana ma raɗe-raɗin za a ba shi na'ibin liman a masallacin unguwa. Wani abokin aikinsa Kirista ya je coci ya gani, ya dawo ofis yana yaba kyan shanun da zuciya ɗaya. Sauran akawuna suka samu abin yi. Kafin azahar magana ta zaga: shanun gidan Malam sun yi ridda.

Ya shigo gida ko keke bai jingine daidai ba. Muna gindin darbejiya.

"Adda! Kin san abin da kika jawo mana? Gidan malamai, a ce kayanmu na cikin coci?"

"Auta, zauna ka sha ruwa."

"Ba zan zauna ba! Da ma na daɗe ina ganinki kina ɗaukar laka kina yi mata magana. Yanzu kuma abin ya kai nan?"

Goggo ta tauna goronta ta tofar. Ta ce, "Ita saniya ba ta da addini, ciyawa ta sani. Yaran nan a wutata suke jin ɗumi, uwarsu ce ta kama ni ranar da na faɗi a bakin rijiya. Sun roƙe ni abu ina da shi, in ce musu me? Maganar da nake yi kuwa, da Allah nake yi, kuma sunanka nake fara kira, tunda taka ce a farko. Ko in cire ka?"

Ya juya ya wuce wurin Baba. Baba ya saurari kowa, ya ce kayan wasan yara malamai sun yi sauƙi a kansu, ba zai hana ba, amma don a zauna lafiya kada shanun gidan nan su sake zuwa coci. Goggo ta ce ta ji. Shekara ta zagayo, sai ga ta ta ɗauki curin yumɓu ta shiga gidan kafinta, ta zauna a tsakar gidansu ta koya wa yaran su gina nasu, har da jaki da tumaki. Da Baba ya tambaye ta sai ta ce, "Malam, ka ce shanun gidan nan. Waɗancan na gidan can ne." Baba ya rufe baki da hannun riga ya shige zaure.

Na'ibin liman dai wani aka ba. Ko saboda shanun ne ko ba saboda su ba, Allah ne masani, amma Baffa a kansu ya ɗora. Daga ranar bai ƙara taka cikin ɗakinta ba. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya aiko mata da atamfa da Sallah, ya biya mata magani in ba ta da lafiya, ban ce bai yi ba. Amma shekara ashirin yana gaida matar da ta goye shi daga bayan labule. 'Ya'yansa kuwa duk sun zauna a da'irar, yana gani ya kau da kai, don matarsa ma tana son ta huta.

Ranar sadakar uku da safe muna bayan gida muna dakan gumba, sai na ji wani duka da ba na turmi ba. Na saki taɓarya na zagayo. Ƙofar ɗakin Goggo a buɗe, katakan bango fayau. Baffa yana tsugune a tsakar ɗakin da ya yi shekara ashirin bai shiga ba, ya zuba su duka a buhu ya ɗaure baki, yana dukan buhun da guduma. A buhu ya sa su don kada ya ga abin da yake fasawa, wannan ko bai faɗa ba na sani.

Na ce, "Baffa, ka ce sai bayan sadaka."

Ya ɗago, idanunsa jajur. Ya ce, "Gata nake yi mata. Tana can ana tambayarta, ke ba ki san nauyin abin nan ba. In ban sauke mata ba, wa zai sauke?" Ya ci gaba da duka.

Ban ce ƙarya yake yi ba. Na yarda tsoro yake ji mata, kuma na yarda yana sonta irin nasa son. Amma ya san abin da take faɗa a kan shanun nan, da bakinta ta gaya masa a gabanmu. Ya kuma yi min alkawari ina durƙushe. Da ya bari kowa ya ɗauki tasa, da sun bar gidan kamar yadda yake so, ba a fasa ko ɗaya ba.

Abin da na yi bayan nan, har yau in an tuna a dangi sai a ce na zubar da mutuncin gida. Na fita ƙofar gida, ɗankwali a kafaɗa, na tsaya a kan maza. Wallahi rabin waɗanda ke kan tabarmin nan na san shanunsu. Ga malamin lakwal, ga direban babbar mota, ga ma'aikacin kwastan da tumbinsa. Suna jin dukan daga inda suke, don wasu sun ga shigarsa da buhun.

Na ce, "Kai mai saniya mai wuyan raƙumi, kana ji ana fasa ta? Kai kuma da taka ba ta da kunne ɗaya, shekara nawa tana roƙa maka Allah ka daina shan giya? Ku duka a wutarta kuka ji ɗumi. Ba mai tashi?"

Ba wanda ya tashi. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya shiga gyaran hula. Na kwastan ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Sa sufi, ƙanwata, ya isa haka. Wasan yara ne fa, ki dubi mutane." Inna da wasu mata biyu suka ja ni ciki. Aka raba gumba, aka shafa fatiha, aka watse. Buhun kuma aka zazzage shi a wani rami da ke bayan gida inda ruwan wanka ke taruwa.

Haushin Baffa na ji, amma na masu shirun nan ya fi ci min rai, har gobe. Shi ko ba komai yana da abin da ya yi imani da shi. Su kuwa kunya ce kawai, kada a ce ƙato da gemunsa ya tashi saboda saniyar laka.

Ban koma Maruwa da wuri ba, na zauna wurin Inna. Bayan mako biyu aka rufe lakwal. Da safe sai na ga yara sun fara taruwa a ƙofar ɗakin da aka kulle, suna tsaye a cikin zannuwan iyayensu, ba wuta ba kowa. 'Yata tana cikinsu, don tun a Maruwa nake cika mata kunne cewa bana za ta yi saniyarta ta fari. Na ce a raina, an fasa na bango, amma ba a fasa hannuna ba. Shekara nawa na yi a da'irar nan? Na hura wuta, na binne dankali. Rana ta uku na ɗauki fartanya na jera su zuwa kogi, na sami gaɓar, na haƙo yumɓun. Muka zauna gindin darbejiya muka gina, har "Ale! Ale!" na yi musu. Baffa ya gan mu, ya wuce abinsa. 'Yata ta yi wata mai ƙaho ɗaya sama ɗaya ƙasa, tana ta kai ta wurin kowa ya gani.

Na shanya su kwana shida. Rana ta bakwai da azahar, yara sun tafi makarantar allo, na jera su a rami na rufe da kara da busasshen kashin shanu na sa wuta. Ba a jima ba na fara jin fas, fas, fas. Da wutar ta mutu na tona toka da itace. Ko ɗaya ba ta fito ba. Ƙafafu a nan, kawuna a can, wasu sun zama gari.

Inna tana zaune a kan turmi tana tsince shinkafa, tana kallona tun farko. Na ce, "Inna, me na yi ba daidai ba? Haka Goggo take yi. Tawa ta fari ina 'yar shekara biyar na yi ta, ko tsagewa ba ta yi ba."

Inna ta ajiye faranti. Ta ce, "Ke yanzu da girmanki, kin taɓa ganin aikin ɗan shekara biyar ya shiga wuta ya fito?"

Na yar da itacen da ke hannuna.

Ta ce, "Naku ba sa jure wuta, rugujewa suke yi. In kun tafi allo sai ta rufe ƙofa ta kwaɓa nata yumɓun, ta ajiye ta yaro a gabanta, ta gina wata sak irinta. In wuya ya karkace ta karkatar, in kunne ɗaya ne ta yi ɗaya. Taki sau uku tana sakewa, wai ƙafar ba ta gajarta yadda kika yi ba. Ni nake miƙa mata ruwa ta taga. Ta ce in na faɗa wa ɗayanku ba ta yafe ba."

Na zauna a ƙasa, toka har gwiwa. Shekara ashirin da wani abu ina yi wa mutane alfahari da saniyar da na gina da hannuna. Malamin lakwal, direba, na kwastan, Baffa da kansa, kowannenmu ya girma yana ganin shi gwani ne tun yana ƙarami, ashe wata ce ta zauna a ɗaki ita kaɗai tana kwaikwayon kuskurenmu don kada ranmu ya ɓaci. Abin da aka zuba a buhu ba wasan yara ba ne, aikin hannunta ne na shekara arba'in.

Ina nan zaune yaran suka dawo da gudu, 'yata a gaba, allo na dukan bayanta. "Umma, tawa ta fito?" Na tura ɓaraguzan cikin toka da ƙafa. Na ce ba ta nuna ba tukuna, sai nan da mako guda. Ta yi tsalle ta tafi gaya wa sauran.

Na juya wurin Inna na rage murya. Na ce, "To me take zubawa a nata yumɓun da ba ya fashewa?"

Inna ta dubi ƙofar da aka kulle. Ta ce, "Shekara talatin ina miƙa mata ruwa. Ban taɓa tambayarta ba."

Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta, ya sanya ta inda ba a jin sanyi. Mu kuma da muka ci dankalinta muka tashi muka kakkaɓe riga, Allah ya yafe mana, in ita ta yafe.